Darasi na 14: Likita Efstain da Kumburin Muƙamuƙi

Akwai wani ciwo da ya ke kama yara. Muƙamuƙin yaro ya kumbura, haƙoransa su yi ta girgiɗa. Wani lokaci ciki ne ya ke kumbura, ko ido. Wannan ba hangum ba ne. Hangum ya kan sauka cikin kwanaki kaɗan. Wannan kuwa kullum ƙaruwa ya ke yi. Irin sankara ne.

A shekarar 1957 wani likita mai suna Barkit ya ga yaro mai wannan ciwo a Kampala, cikin ƙasar Yuganda. Sa'an nan ya ga waɗansu da yawa. Ya lura ciwon ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda sauro ya ke da yawa.

A shekarar 1961 Barkit ya tafi Landan, ya ba likitoci labari. Cikin masu saurare akwai Antoni Efstain, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1921. Aikinsa binciken ƙwayoyin cuta ne. Da ya ji labarin, sai ya yi tsammani wata ƙwaya ce ta ke jawo ciwon. Ya roƙi Barkit ya riƙa aiko masa da ɗan yankin kumburin a jirgin sama.

Efstain ya yi kusan shekara uku yana nema, bai ga kome ba. Amma bai fid da rai ba.

A watan Disamba na 1963 hazo ya hana jirgin sauka a Landan. Saƙon ya makara. Ruwan da ke cikin kwalbar ya gurɓace, kamar abin ya lalace. Efstain bai zubar ba. Ya duba da madubin likita, ya tarar naman yana da rai. Shi da mataimakansa biyu, Malama Bar da Malam Acong, suka raine shi. A 1964 suka ga ƙwayar da wani babban madubi mai aiki da lantarki. Mahaƙurci mawadaci.

Aka sa mata suna ƙwayar Efstain-Bar. Danginsu ɗaya da ƙwayar ƙarambau, da ta ƙurajen da su ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi. Ita ce ƙwaya ta fari da aka gane tana jawo sankara a jikin mutum. Efstain ya koyar a jami'ar Biristol, ya rasu a 2024 yana da shekara 102.

Ƙwayar tana bin miyau. Cikin manya goma, tara suna ɗauke da ita, kuma yawancinsu lafiya lau. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kama yaro, jikinsa ya kan raunana. A nan ne ƙwayar ta ke samun hanya.

Ciwon yana da magani. Likita Ngu, mutumin Kamaru, ya yi wa yara magani a asibitin Ibadan, kumburin ya sauka. An ba shi lambar yabo a Amurka a 1972.

A ƙasar Zuru sauro ya kan yi yawa da damina. Saboda haka mu kwantar da yaranmu cikin gidan sauro. In yaro ya yi zazzaɓi, mu kai shi asibiti. In muƙamuƙinsa ya kumbura, kada mu tsaga, kada mu jira sai an gama girbi. Ciwon nan sauri gare shi. Daga Dabai, ko Riba, ko Mahuta, a nemi likita tun da wuri.

Tambayoyi

1. Ina bambancin wannan ciwo da hangum?
2. Shekara nawa Efstain ya yi yana nema?
3. Yaya sauro ya ke taimakon ƙwayar?
4. Me za ka yi in muƙamuƙin ɗanka ya kumbura?

Rubuta wannan sau uku: A kai yaro asibiti tun da wuri.