Ramukan Da Ido Ba Ya Gani: Yadda Jiki Ke Karɓar Ƙarfen Da Aka Dasa Masa

Duk mai bibiyar sababbin wayoyi ya saba jin ana cewa injin waya kaza na nanomita 4 ne, na waya kaza na nanomita 3. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya idan aka raba mita gida biliyan, kuma kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubu 80 ko fiye. A wannan ƙanƙantar ma'auni ne ake yanke hukunci kan haƙorin da aka dasa a muƙamuƙi ko gaɓar ƙugu ta ƙarfe: ko ƙashi ya kama su, ko su yi ta girgiɗi har sai an sake tiyata.

A shekarun 1950, wani likitan Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark ya saka ƙananan na'urori na taitaniyom a ƙashin zomaye domin nazarin gudanar jini. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya manne musu. A 1965 ya dasa wa mutum na farko haƙora masu tushen taitaniyom.

Abin mamakin shi ne ƙwayoyin halittar jiki ba sa taɓa ƙarfen kai tsaye. Da zarar jini ya taɓa shi, cikin daƙiƙoƙi furotin ke lulluɓe shi. Albumin, wanda ya fi yawa a ruwan jini, shi ke fara isowa, daga baya manya masu ƙarfin riƙo irin su fibirinojin su ture shi su zauna. Leo Vroman ne ya bayyana wannan rige-rigen, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ƙwayar halitta tana zuwa ne daga baya, ta tarar da shimfiɗar furotin, da ita kuma take mu'amala.

Nan kaushin saman ƙarfen ke shigowa. Tsawon fibirinojin kusan nanomita 45 ne, albumin kuwa faɗinsa bai kai 10 ba. Ke nan tudu ko rami mai girman nanomita 20 zuwa 50 daidai yake da girman su kansu furotin ɗin. Kaushi yana ƙara faɗin wurin zama, yana kuma canja yadda furotin ke kwanciya: ko ya baje, ko ya lanƙwashe. Wannan ya fi yawansa muhimmanci, domin a jikin furotin irin su fibironektin akwai ɗan guntun wuri da ake kira RGD, wanda ƙugiyoyin ƙwayar halitta, wato intagirin, ke kamawa. Idan furotin ya kwanta ta yadda wurin ya ɓoye, ko ya cika saman ƙarfen maƙil, ƙwayar ba ta da marikin kirki.

Ƙugiyoyin kuma sai sun taru kusa da juna kafin riƙon ya yi ƙarfi. A 2004, tawagar Joachim Spatz a Jamus ta jera ɗigon zinare masu ɗauke da RGD. Inda tazarar ɗigon take nanomita 58 ko ƙasa, ƙwayoyin sun baje sun kama sosai. Da ta kai 73, riƙon ya lalace. Bambancin nanomita 15 kacal.

A 2007, Matthew Dalby da abokan aikinsa a Jami'ar Gilasgo sun huda ramuka masu faɗin nanomita 120 a kan roba, suka zuba ƙwayoyin tushe na ɓargon ɗan Adam. A ramukan da aka jera layi-layi tsaf, ba su nuna alamar zama ƙashi sosai ba. Da aka ɗan gusar da kowane rami daga layinsa da abin da bai wuce nanomita 50 ba, sai suka fara samar da ma'adinin ƙashi ba tare da an ƙara musu magungunan da ke sa hakan ba.

Sai dai duk wanda ya ce akwai ma'auni ɗaya da ya fi kowane, ya yi gaggawa. Masu bincike a Erlangen ta Jamus sun gano a 2007 cewa ƙananan bututun taitaniyom masu faɗin nanomita 15 sun fi dacewa da ƙwayoyin ɓargon ɓera, masu faɗin 100 kuma suna kai su ga mutuwa. Shekara biyu bayan haka, wata tawaga a Kalifoniya ta ga bututu masu faɗin 70 zuwa 100 suna tura ƙwayoyin ɗan Adam su nufi zama ƙashi.

Kaushi ba ya rasa illa. Idan ƙwayoyin cuta suka riga na jiki isa wurin, sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke shan wahalar ratsawa, wani lokaci sai dai a cire ƙarfen gaba ɗaya. Shi ya sa a dashen haƙori ake kaurara ɓangaren da ke shiga ƙashi, a bar wuyan da ke taɓa dasashi da santsi. Haka ƙarfen ɗaurin karaya da ake son cirewa bayan an warke: an fi so ya kasance sumul, don kada ƙashi ya riƙe shi ranar cirewa.