Tsawon Ran Tayar Mota da Abubuwan da Ke Gajarta Shi

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero, ta shiga Jega, ta miƙe kudu zuwa Maiyama da Koko da Yawuri, hanya ce da ba ta hutawa. A kanta manyan motoci ke kwasar albasar Aliero zuwa kudancin ƙasa, a kanta kuma ƙananan motocin haya ke jigilar mutanen ƙauyuka irin su Jandutsi zuwa cin kasuwar Jega. Duk wanda ya saba bin ta lokacin bazara ya san ɓawon taya da ake gani yashe a gefen kwalta. Idan taya ta fashe, direba kan ce ai zanenta bai cinye ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai zane rabin labarin ne kawai, domin taya tana da shekaru iri biyu: na tafiyar da ta yi, da na daɗewar da ta yi a duniya.

Asalin roba

Robar asali ruwan jikin itace ce. Bishiyar da ke ba da ita, wadda masana tsirrai ke kira Hevea brasiliensis, 'yar dazukan Amazon ce a ƙasar Barazil, kuma a 1876 ne wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irinta kimanin 70,000 zuwa Ingila, daga can aka yaɗa ta zuwa Asiya. Ana noma ta a kudancin Nijeriya ma, har akwai cibiyar bincike a kanta a Iyanomo kusa da birnin Benin. In an tsaga ɓawonta sai wani farin ruwa mai kama da madara ya tsiyayo, irin wanda ake gani a jikin tumfafiya. A cikin wannan ruwa akwai dogayen zaruruwa ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, a cukurkuɗe da juna. Su ne ke sa roba ta miƙe in an ja ta, ta koma in an sake ta.

Ɗanyar roba ba ta da amfani ga mota, domin tana narkewa da zafi, tana ƙandarewa da sanyi. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta, sai farar wutar ta ɗaure zaruruwan nan da juna kamar yadda ake ɗaure karan darni. Tayar yau haɗi ce ta robar itace da robar da ake samu daga man fetur, da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda ke ƙara mata ƙwari, sannan a ciki an shimfiɗa zare da wayoyin ƙarfe. Wannan ɗauri na farar wuta, da manne roba a jikin waya, su ne ran taya.

Shekarun tafiya

Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kimanin milimita 8. Iyakar da dokokin ƙasashe da yawa suka yarda da ita ita ce milimita 1.6, kuma masu ƙera taya sun dasa 'yan tuddai a cikin kwaruruwan zanen daidai wannan tsayi; ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aikinta. A hanya mai kyau, da iska daidai da kaya daidai, taya kan yi kilomita 40,000 ko fiye kafin ta kai nan. Amfanin zanen kuwa shi ne kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Saboda haka suɗaɗɗiyar taya tana iya lallaɓawa duk rani, ruwan farko na damina ya tona mata asiri.

Yadda taya ta cinye yana faɗin ciwon motar. Idan gefunanta biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Idan tsakiyar ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe guda ne kawai, saitin ƙafafun motar ya goce, abin da faɗawa rami guda ke iya jawowa. Idan kuwa cin ya zo tsalle-tsalle, nan rami can tudu, sai a duba shokozoba. Sayen sabuwar taya ba tare da gyara waɗannan ba asarar kuɗi ce, domin sabuwar ma haka za ta bi sahun tsohuwar.

Shekarun zama

Ko ba a taɓa ɗaura taya a mota ba, tana tsufa. Iskar oksijin, wadda ita ce kimanin kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake hura wa taya, tana ratsa robar sannu a hankali daga ciki, tana sauya ɗaurin zaruruwan, har robar ta bushe ta rasa danƙonta. Daga waje kuma hasken rana da iskar ozon suna tsattsaga gefenta, su bar ƙananan faso kamar na dunduniya a lokacin hunturu. Faso na waje ana ganinsa. Wanda ya fi haɗari shi ne na ciki, inda roba ke sakin wayar da ta riƙe.

A nan ne yanayin ƙasar Kabi ya shigo. Masana sinadarai suna da wani kintace, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Jega da Aliero yakan haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. A 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda ɓarewar fuskarsu a kan gudu, kuma yawancin haɗurran sun auku ne a jihohin kudu masu zafi. Da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta tashi nazarin tsufan taya, birnin Finiks na jihar Arizona ta zaɓa, saboda zafinsa.

Ban da zafin rana, taya tana haifar da nata. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita, wato wajen sau 14 a daƙiƙa guda in ana gudun kilomita 100 a awa. A kowane juyi, sashen da ya taɓa ƙasa yana lanƙwashewa ya miƙe. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙe ta har ta yi zafi ta karye ya ga abin da ke faruwa. Ƙarancin iska yana ƙara wannan lanƙwasa, yawan kaya yana ƙara ta, gudu kuma yana ƙara yawanta. Abin takaici, kakar albasar rani tana zuwa ne daidai da shigowar zafi, sai abubuwan su haɗu a rana guda: tsohuwar taya, lodi har saman mota, kwalta mai ƙuna, da direba mai sauri.

Kowace taya tana ɗauke da iyakar nauyinta a rubuce. Lamba 91, alal misali, tana nufin kilo 615. Huɗu sun zama kilo 2,460, kuma nauyin motar kanta yana ciki. Mai karatu ya ƙiyasta abin da ya rage wa fasinjoji da buhunan da ake ɗaurewa a but.

Karanta ranar haihuwar taya

A gefen taya akwai jerin haruffa da suka fara da DOT, suka ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta ƙare da lambobi uku, kafin 2000 aka yi ta. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani kowace shekara da zarar ta yi shekara biyar tana aiki, kuma kada ta wuce goma daga ranar ƙira ko da zanenta na nan. Wasu kamfanonin mota sun ce shida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi da shekara huɗu. Wasu na ganin ta tsananta, amma ga mai bin hanyar Jega a watan Afrilu, adadinta ya fi kusa da gaskiya fiye da goma.

Sanin wannan lamba ya zama tilas ne saboda yadda kasuwa ta koma. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, sai tayoyin waje suka cika ƙasa, ciki har da na gwanjo, duk da cewa hukumar kwastan ta sa su cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai zurfi alhali ta shekara takwas, an kuma cusa ta cikin 'yar'uwarta a kwantena har wayoyinta sun tanƙware. Wasu ma an yi su ne domin ƙanƙara, da roba mai laushi wadda ke saurin cinyewa a kan kwalta mai zafi.

Batun iska

Taya lafiyayya ma tana rasa kimanin awo ɗaya na geji a wata, don haka a auna aƙalla sau ɗaya a wata, da safe kafin mota ta yi tafiya. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Wanda ke jikin taya iyaka ce da ba a ƙetarewa. Bugun taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa, kamar yadda wasu masu faci ke yi, ba ya bayyana ƙarancin awo biyar ko shida. Akwai kuma al'adar rage iska a tsakiyar tafiya don gudun fashewa. Kuskure ne babba. Hauhawar iskar taya mai zafi abu ne da masu ƙira suka yi lissafinsa. Wanda ya sace ta ya ƙara lanƙwasa ne, ya ƙara zafin da yake gudu.

Ƙullutun da ke fitowa a gefen taya bayan faɗawa rami alama ce ta zaren ciki ya tsinke, kuma faci ba ya maganinsa, haka ma hujin da ke gefe. Safaya ita ma taya ce: tana kwance cikin zafin but tana tsufa tare da sauran, don haka a duba lambarta da iskarta ranar da ake duba nasu.