Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Bi da Ke Zaune a Ikko

'Ya'yana da jikokina, samari da 'yan mata masu bin Almasihu, waɗanda neman abinci ya kawo ku Ikko, ina gaishe ku. Ina gaida na Agege da na Idi-Araba, da masu dakon tumatir da albasa a Mile 12, da masu gadi a Ikeja, da 'ya'yan bariki, da waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa ganin girbin dawa ba. Maganar da zan yi muku ba sabuwa ba ce, amma ku ba tsoho aron kunne.

A gida, ko Wusasa ne ko Biliri, ko Zuru ko Garkida ko Kafanchan, jama'a ce ke tsare da mutum. Kowa ya san ubanka. Idan ba a gan ka a sujada ba ranar Lahadi, kafin la'asar wata gwaggo ta leƙo ta ji ko lafiya. A nan Ikko, wato Legas, babu wanda ya san ɗan wane ne kai. Kana iya shekara ba ka taka majami'a ba, babu mai tambaya. Kana iya canza suna, ka canza hali, garin ba zai ko waiwaye ka ba. Don haka bangaskiyar da za ta rayu a nan ita ce wadda mutum ya ɗauka da kansa, yake aikata ta kullum, ko da ido ko ba ido.

Ku san cewa garin nan ba baƙo ba ne a tarihinmu. A ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a gaɓar Legas: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara can cikin ƙasa. Ba a daɗe ba Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa ya koma gida da zazzaɓi. Amma bai fasa ba, kuma daga wannan aiki nasu na mishan, wato SIM, ekklesiyar ECWA ta fito a 1954. A Zariya Likita Walter Miller ya yi shekaru yana fama da fassara tare da Hausawan da suka taimake shi, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Hanyar da bishara ta bi ta hau Arewa, ita ce ku kuka biyo kuka gangaro. Tun da dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka raya zangon Agege, daga baya sojoji da 'yan sanda da leburori suka zo da littafin waƙoƙinsu a jaka, suka fara sujada da Hausa a bariki da ɗakunan haya. Ba ku tarar da kango ba, gado kuka tarar.

Abu na farko, ku nemi ekklesiya ku zauna a cikinta. Ban ce ku riƙa yawon coci-coci ba, yau nan gobe can, duk inda aka ce ana rabon mu'ujiza. Legas cike take da alluna da lasifika, kowa na kiran ka zo ka karɓi arziki. Akwai bayin Allah na gaskiya a cikinsu, akwai kuma 'yan kasuwa. Ma'aunin mai sauƙi ne: inda ake buɗe Littafi a koya maka, inda aka san sunanka, inda za a neme ka idan ka kwanta ciwo, nan ne gidanka. Inda kuwa ba a tuna da kai sai lokacin baiko, ka yi hattara. Ka kai takardar shaida daga ekklesiyarku ta gida, ka gabatar da kanka ga fasto da dattawa. Ka shiga ƙungiyar matasa ko ta mawaƙa ko 'yan Sabon Rai. Ke kuma 'yata, kada ki ce Zumuntar Mata ta tsofaffi ce. Ranar haihuwa da ranar makoki, su ne za ki gani da tukwane a ƙofarki tun asuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san aikin wasunku ba ya barin su. Maigadi ba ya barin ƙofa don Lahadi ta yi, mai aikin gida ba shi da iko da lokacinsa. Ka roƙi maigidanka cikin ladabi ya ba ka ko da Lahadi biyu a wata. Da yawa za su yarda idan sun ga amanarka. Idan bai yiwu ba, ga Littafi a wayarka, ga addu'ar tsakiyar mako. Ku kuma da kuka sami sarari, ku riƙa kai wa irin waɗannan ziyara a bakin aikinsu. Zumunta a ƙafa take.

Abu na biyu shi ne shaida. Matsayinku a garin nan na daban ne. Bayerabe ya ji kana Hausa, ya kira ka Aboki ko Malam, bai kawo a ransa cewa kai Kirista ba ne. Maƙwabcinka Bahaushe Musulmi kuwa harshenku ɗaya, tuwonku ɗaya, motar da ke kai ku gida ɗaya. Kada wannan ya dame ka, domin dama ce Allah ya ba ka. Kana da ƙofa ta kowane ɓangare. Kada ka ɓoye sunanka na baftisma don a saya maka kaya, kada kuma ka mai da bangaskiyarka abin tsokana. Idan aka tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa a fili, cikin natsuwa da girmamawa. Gardamar addini a bakin mai shayi ba ta taɓa jawo kowa ga Yesu ba, sai dai ta raba maƙwabta.

Wa'azin da garin nan yake saurara shi ne amana. Maigida ya bar maka makullin gida ya yi tafiya, ya dawo ya tarar da komai a inda ya bari. An aike ki kasuwa, kin dawo da canji daidai. Fasinja ya manta waya a kekenka, ka bi shi da ita. Ka ci bashi, ka biya ranar da ka ce. Mutumin da ba zai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, kullum yana karanta ka. Ku tuna Yusufu a gidan Fotifar da Daniyel a Babila: dukansu baƙi ne a ƙasar wasu, dukansu ma'aikata ne a ƙarƙashin wanda ba ya bin Allahnsu, kuma ta wurin aikinsu aka san wanda suke bauta wa. Annabi Irmiya ma, da ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ya umarce su su gina gidaje, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin, su yi masa addu'a.

Zaman lafiyar nan ku riƙe ta da hannu biyu. Manyanku sun ga abin da ya faru a Idi-Araba a watan Fabrairu 2002, da na Mile 12 a watan Maris 2016. Ranar da rikici ya tashi, ba a tsayawa tambayar wa ke zuwa coci, wa ke zuwa masallaci. Saboda haka kada ka zama mai tura jita-jita a WhatsApp. Ka gaida maƙwabcinka da azumi, ka yi masa barka da Sallah, ka aika masa da shinkafar Kirsimeti. Idan ya yi rashi ka je gaisuwa. Ka girmama Sarkin Hausawa da sarakunan masu gari, ka bi dokar gwamnati. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yuni 2022, da yawa sun rasa abin yi, na san da zafi. Amma rashin aiki ba hujjar sata ba ce, kuma cacar waya ba sana'a ba ce. Ka zo wurin dattawa a nema maka koyon aiki.

Abu na uku, iyali, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Uba ya fita tun kafin gari ya waye don ya tsere wa cunkoson hanya, ya dawo yara sun yi barci. Uwa na kasuwa. Wa ke renon yaran? Titi da waya. Makarantar Lahadi sa'a guda ce a mako, ba za ta ɗauke muku nauyin da Allah ya ɗora muku ba. Ko ɗaki ɗaya kuke, ku ware minti goma: waƙa ɗaya, aya kaɗan, addu'a. Idan safiya ta gagara, a yi da dare. Yaro ya ji uban da kansa yana roƙon Allah, ya ga yana ba uwar haƙuri idan ya ɓata mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku koya musu Hausa da harshen kakanninsu, don ranar da suka je gida su iya gaida kaka, su yi waƙa tare da ita. Yarbanci da Turanci za su same su a waje ba da wahala ba.

Samari, wanda ya bar mata a gida, ya tuna alkawarin da ya ɗauka gaban Allah bai tsaya a tashar mota ba. Ka riƙa kira, ka riƙa aike, idan hali ya samu ka ɗauko ta. Marasa aure kuma, ku guji zaman dadiro da sunan tsadar haya. Idan kun ga juna kun yarda, ku sanar da iyaye da ekklesiya, a ɗaura aure daidai ƙarfinku. Albarkar aure ba ta cikin yawan anko ko girman zauren biki. Mu iyaye ma sai mu sassauta kayan aure, kada mu tura 'ya'yanmu ga zunubi da hannunmu. Kuma kada ku manta da tsofaffin da kuka bari. Ko kaɗan ne ku aika, ku haɗa da gaisuwa, domin sau da yawa muryarku ta fi musu kuɗin.

Wanda ya riga ya yi nisa, ya daina sujada, ya faɗa shaye-shaye ko wata hanya, kada kunya ta hana shi dawowa. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma mu dattawa aikinmu karɓa ne, ba kora ba.

'Ya'yana, ku tashi ranar Lahadin nan ku je sujada, ku tafi da wani ɗan'uwa da ya daɗe bai je ba. Ku riƙe amanar aikinku, ku zauna lafiya da maƙwabta, ku yi addu'a da yaranku yau da dare. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya albarkaci neman abincinku, ya mai da ku gida lafiya. Amin.