Tayil Ba Ya Tare Ruwa: Gargaɗi Ga Masu Gyaran Makewayi Da Kansu

Duk shekara bayan kaka, da an sayar da gyaɗa da riɗi kuɗi sun shigo hannu, sai koke iri ɗaya ya riƙa zuwa mini daga Bichi, Dambatta, Kunchi da Tsanyawa. Magidanci ya manna tayil a makewayi da kansa, ba a zagayo shekara ba bangon ɗakin da ke jikinsa ya jiƙe, tayil ɗin yana ɓamɓarowa. In ka tambaye shi me ya sa a ƙarƙashi, sai ya ce ai an gaya masa tayil ba ya shan ruwa.

Wannan magana ta ishe ni. Fuskar tayil ce kawai ba ta shan ruwa. Tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai layi, farin simintin da ake cike shi da shi yana tsotsar ruwa, yana kuma tsagewa. Gidan da mutum goma ke wanka da alwala kullum, ruwan nan sai ya sami hanya. Daɓen da ke ƙasa da shafen da ke baya su ke tare ruwa, tayil riga ce kawai aka ɗora musu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne manna tayil a bangon ƙasa. Kada ka yi. Ko ka shafe shi da siminti, kada ka yi. Jar ƙasa tana kumbura da damina, ta motse da rani, siminti kuwa ba ya binta, sai shafen ya rabu da bango. Ruwa ya shige baya, tayil ya hana shi bushewa, gindin bangon ya yi ta ruɓewa ba ka gani. Daga waje komai fes, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar rami. A irin garuruwanmu da katanga ɗaya ke raba gida biyu, ran da ta zube a ruwan Agusta, ɗakin maƙwabcinka za ta iya faɗawa. In bangonka na ƙasa ne, ka tayar da bulo daga ciki a kan nasa fandisho, ka bar ɗan sarari tsakaninsu, ka yi tayil a jikin bulon. In kuɗin bai kai ba, ka yi daɓen siminti mai kyau, ka haƙura da tayil sai baɗi.

Ga daɓen. A daddaɓe ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankare. A kansa a yi shafe, kwano 1 na siminti da kwano 3 na yashi mai tsabta wanda ba laka a cikinsa, a haɗa da garin hana ruwa da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Shafen ya hau bango, a zagaye kusurwa da kyau, don nan yoyo ke farawa. Gangara ta zama santimita 2 a kowace mita zuwa bakin magudana. A yi ta yayyafa ruwa kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da siminti kafin ya kama. Sannan a toshe magudana, a tara ruwa ya kwana ya wuni. In ya ragu, akwai yoyo, kada tayil ko ɗaya ya hau sai an gyara. Tayil ɗin daɓen ya zama mai kaushi, mai sheƙin nan na falo ya kayar da tsofaffi da yawa.

Mutanenmu za su ɓata wuni suna zaɓen launin tayil saboda amarya, amma ba wanda ke tambayar inda ruwan wankan zai tafi. Sai a huda katanga a sake shi cikin lungu, ya kwanta a gindin ginin maƙwabta, sauro ya samu gida. A haƙa masa rami a cika da duwatsu, nesa da fandisho, kuma ya yi nisa da rijiya kamar mita 30. In filin gidanka bai kai ba, ku haɗu da maƙwabta da mai unguwa ku fitar da wuri ɗaya kafin ka sayi kwalin tayil na farko.