Sandar fatsa ga mai kamun kifin bas a kan kayak

A tafkunan Amurka, masu farautar kifin bas da yawa sun koma kayak, ɗan kwalekwalen nan na mutum ɗaya. Idan za ka bi sahunsu, fara da sanda.

Nemi mai tsawon ƙafa 7 ko kusa da haka. Dalili kuwa, in kifi ya kama ya yi ƙasan jirgi, sai ka zagayo da zaren ta gaban hancin kayak kana zaune. Gajeruwar sanda ba za ta kai ba. Amma gindinta ya zama gajere, don dogon mariƙi ya riƙa sarƙewa da rigar ceto ke nan duk jifa.

Wajen na'urar naɗe zare, sabon shiga ya ɗauki irin wadda ke rataye a ƙarƙashin sanda, lamba 2500 ko 3000, ta kamfanin Shimano ko Daiwa. Ba ta cika cukurkuɗa zare ba. Wanda hannunsa ya faɗa, ya nemi mai saurin naɗi, kamar 7:1, saboda kifi kan jawo kayak zuwa gare shi, zare ya saki.

Sanda biyu sun isa. Kuma ka ɗaure kowace da igiya, don kayak na kifewa.