Yadda Za Ka Zana Tauraro A Wayarka Da Lissafin 360

Ko da lissafi ya ba ka wahala a makaranta, gwada wannan. Sauke manhajar Pydroid 3 daga Play Store, da ita ake rubuta Python a wayar Android. A cikin Python akwai wani alƙalami mai suna turtle, wato kunkuru, wanda ke tafiya yana barin layi a bayansa. Umarni biyu ya fi ji: yi gaba, juya.

Sirrin yana wajen juyawar. Kafin kunkurun ya kammala zagaye ya dawo yadda ya fara, sai ya juya digiri 360 cif. Don haka raba 360 da yawan gefunan zanenka. Mai gefe huɗu 90 ne, mai gefe shida 60.

Mai gefe uku ne ke kayar da mutane. Ni ma 60 na saka da farko, don ita na haddace a aji, sai zanen ya ƙi rufewa. Ashe 60 kusurwar ciki ce, shi kuwa kunkuru ta waje yake bi, wato 120.

Tauraro mai tsini biyar zagaye biyu yake yi, 720 a raba gida biyar, 144:

import turtle
for i in range(5):
    turtle.forward(300)
    turtle.right(144)
turtle.done()

Kula da tazarar da ke farkon layi na uku da na huɗu, idan babu ita ba zai yi aiki ba.

Yanzu mayar da 144 ta zama 145, ita kuma 5 ta zama 72. Digiri ɗaya tak ka ƙara, amma abin da zai fito sai ka rantse ɗinkin saman hula ne.