Darasi: Kuɗin Jama'a, Bakin Jama'a

Darasinmu na wannan fitowa daga birnin Greensboro yake, a jihar Karolina ta Arewa, Amurka.

Ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth, inda aka keɓe wa fararen fata. Aka hana su abinci, suka ƙi tashi. Ɗayansu, Ezell Blair, ya musulunta daga baya, ya koma Jibreel Khazan. A 2010 aka buɗe gidan tarihi a wannan kanti.

A 2013 hukumar birnin ta amince ta ranta wa gidan dala miliyan 1.5 daga kuɗin jama'a. Sai 'yan jarida da mutanen gari suka fara tambayar lissafi. A 2014 kwamitin gidan ya sallami daraktansa, Lacy Ward, gardama ta ƙara zafi. Wasu suka ɗauki tambayoyin cin fuska, wasu suka ce haƙƙinsu ne.

Abin da muka koya: duk wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya ɗauki amana, komai darajar aikinsa, kuma tambayarsa ba ƙiyayya ba ce. Shi ma mai tambaya ya zo da hujja, ban da ƙazafi.

To, mu dawo zango. Karo-karon da muke tarawa don makaranta da ɗakin karatu, yaushe rabon da a karanta lissafinsa a bainar jama'a? In ƙaraminmu ya tambaya, amsa muke ba shi ko tsawa? Mu tattauna a zama na gaba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.